Dabinon Bakin Rijiya

To, ku ajiye gyaɗar nan ku ba ni kunnuwanku, don yau sai kun yi mini shari'a.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani dattijo, Baba Cindo, mai garkar dabino wadda ta fi ta kowa kyau. Itace arba'in ne a ciki, uku daga ciki maza. Kun dai san namijin dabino ba ya haihuwa, fure kawai yake yi. Shi kuwa Cindo mutum ne da ba ya son ganin mai ci ba aiki. Da matarsa Azumi ta rasu, ita da ke hana shi, sai ya ɗauki gatari ya kwantar da mazan nan duka uku, yana cewa sun isa da shan ruwan banza.

Shekara biyar garkar na yi masa fure, amma 'ya'yan sai su fito ƙanana, ba ƙwallo, su zube tun ba su nuna ba. Ran dattijo ya ɓaci ƙwarai. Ya tara 'ya'yansa uku, ya rantse in bana ma haka ta faru, zai sare garkar kaf ya shuka rogo. Yana faɗa yana kallon dabinon bakin rijiya, wanda Azumi ta dasa da hannunta, idonsa ya cika da hawaye.

Babbarsu, Gwamma, ta sunkuyar da kai. "Baba, ka gafarce ni," in ji ta, "akwai namiji ɗaya a raye." Ashe ranar da aka yi saran, ta bi baya ta ciro ɗan tsiro daga gindin guda, ta kai ƙauyen mijinta a bayan dutse, tana ba shi ruwa a ɓoye. Ba kuwa kowanne ta ɗauka ba. Tun tana yarinya mai sharar garka ta lura ɗaya yana riga matan fure da wata guda, ɗaya furensa ba gari. Na uku, na jikin shinge, shi ne ke buɗewa a mako ɗaya da matan, garinsa har ya kan ɓata mata zane. Nasa ta zaɓa. Sai dai iskar da ke kai wa matan garin fure su yi 'ya'ya ba ta tsallake dutse, ita kuma ba ta san yadda za ta kai shi ga matan ba.

Na biyu, Tanimu, ya yi fatauci a arewa, ya zauna da manoman dabino na can. Shi ya je ya yanko kwanson furen namijin da ya fara tsagewa, ya shanya shi a inuwa, ya rarraba shi sili-sili. Ya ce a sa sili uku a cikin kowane furen mace, a kife su, a ɗaure da kaba, kuma kada furen ya wuce kwana uku da buɗewa. Ilimi kam akwai, amma Tanimu tumbi gare shi, ko kan jaki sai an tallafa masa.

Autansu, Ƙosau, magidanci ne da bai cika magana ba. Shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Itace talatin da bakwai, kowanne hawa uku ko huɗu, don furen ba ya buɗewa rana ɗaya. Ƙaya ta yayyage masa hannuwa, har matarsa ce ke ba shi tuwo a baki.

Da bazara ta kama, nonon dabino ya yi nauyi har sai da aka tokare shi. Baba Cindo ya tsinki ɗaya, ya gatsa, haƙorinsa ya ci karo da ƙwallo. Ya yi dariya irin wadda ba a ji ya yi ba tun rasuwar Azumi. Ya aika aka rataye gatarin nan a rumbu, ya roƙi Gwamma ta kawo masa ɗan tsiro daga namijinta, ya dasa shi a jikin shinge da kansa.

Garka dai ta gado ce, wata rana za a raba ta. Amma dabinon bakin rijiya Cindo ya ce kyauta zai bayar tun yana da rai, ga wanda ya ceci garkar. Itace ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. Ya zauna a gindinsa, cikinsa cike da dabino, yana duban 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya rasa wanda zai ba.

To, ku da ke zaune nan, wa za a ba dabinon Azumi: wadda ta zaɓi namijin ta raya shi, ko wanda ya san yadda ake haɗa su, ko wanda ya hau ya sha ƙaya?