Ranar da Goggo Ta Kashe wa Nas Waya

Tun ina ƙarama ake kirana Aku, don ba muryar da zan ji sau biyu ban ɗauke ta ba. Mai gyaran famfo, shugabar makarantarmu, har tarin Baba, duk ina yi. Ana dariya, kaina yana ƙara girma.

Goggona ta shekara da wata huɗu tana jiran a cire mata ƙari a mahaifa. Zubar jini ta tsotse ta har leɓenta ya yi fari. Jakarta a haɗe take a bayan ƙofa, waya kuwa ko banɗaki da ita take shiga. Sau biyu na raka ta asibiti, na haddace muryar nas ɗin da ke riƙe da jerin masu jira, wata mai magana ta hanci.

Wata Laraba na ari wayar ƙawata, na laɓe a ƙofar gida na kira Goggo da muryar nas ɗin. "Baiwar Allah, layi ya zo kanki. Gobe da safe, kada ki ci komai."

Goggo ta fito ba takalmi tana hamdala, ta same ni ina riƙe ciki don dariya. Ba ta zage ni ba. "Allah ya shirye ki," ta ce, ta koma ɗaki.

Bayan sati biyu gwamnati ta ware kuɗi don rage jiran mata irinta, asibitin ya fara tiyata har ranar Asabar. Nas ta gaske ta kira, ina kasuwa.

"Aku, ba ki gaji ba?" in ji Goggo. "Tiyata ran Asabar? Ki ba wata, na yafe!" Ta kashe waya. Aka sake kira, ta ƙi ɗauka.

Da na dawo ta tare ni da faɗa, na rantse ba ni ba ce. Sai ta zauna a ƙasa.

Washegari na je na faɗa wa nas komai. Ta rufe fayil. "Ta ce a ba wata, mun ba wata. Sai bayan wata biyu." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Ke ce mai muryata? To yi mu ji."

Na juya na fito.

A gida Goggo ta miƙo min wayarta. "Riƙe. In sun kira, ke ce kika san ta gaske."

Darasi: kada ka yi wasa da abin da wani ya zuba wa ido yana jira. Dariyata ba ta kai minti ɗaya ba, Goggo ta biya ta da jinin wata biyu.