Kaskon Malam Ilu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Malam Ilu. Ɗan shago gare shi a bakin kasuwa, yana sayar da irin shuka: masara, wake, gyaɗa. Yana da wata al'ada. Duk irin da ya saro, sai ya ɗebi kaɗan ya shuka a wani kasko da ke ƙofar shago, ya riƙa ba shi ruwa, ya ga ko zai tsiro.

Sai aka buɗe babban kanti a garin. Ga fanka, ga araha, ga allo a bakin ƙofa an rubuta: kayan da ya fita ba ya dawowa. Jama'a suka koma can. Shagon Malam Ilu ya fara mutuwa.

Ku saurara. A shekarar nan irin masara ya iso a makare, damina ta ƙarato, manoma na sauri. Malam Ilu ya shuka nasa a kasko, amma bai jira ba, ya sayar wa 'yan tsirarun da suka rage masa. Aka kwana, aka tashi, kasko shiru. Ya tona, ya tarar da ƙwayoyin sun ruɓe. Irin ya sha damshi tun a hanya, ya mutu. Kuma mota ɗaya ce ta sauke masa, ta sauke wa kanti.

Da ya ce zai musanya wa waɗanda suka saya, matarsa Tasalla ta ce, "Malam, wa ya sani in ba kai da kaskon nan ba? Abin da ya rage a shagon shi ne jarinmu. In ka taɓa shi, mun rufe."

Ya ce, "Mun rufe shago. Su kuma rumbu za su rufe."

Ya ɗauki kasko ya nufi kanti. Ya nuna wa mai jiran kanta, ya ce a daina sayar da irin nan. Mutumin ya leƙa, ya ce, "Baba, na ga abin da ka gani. Amma ba ni da iko. Sai manaja, shi kuma sai an yi masa magana daga birni."

Ba mugu ba ne, jama'a. An ɗaure masa hannu ne.

Malam Ilu ya karyar da kayan shagonsa, ya je maƙwabcin gari ya sayo iri mai rai. Ya ɗaure a keke, ya bi ƙauyuka. Bai tambayi kowa takarda ba, don ya san wanda ya saya, ya san gidansa, ya san gonarsa. Ya karɓi matacce, ya ba da mai rai. Hadari na haɗowa ta gabas, shi yana tuƙi.

Ya dawo ya iske wani dattijo, Baba Nomau, zaune a ƙofar shago da ƙullin iri a cinya. Tsohon abokin cinikinsa ne da ya koma kanti.

"Baba Nomau, yau fanka ta lalace ne?"

"Bar ni, Ilu. Na ji labari, na mayar musu, suka nuna mini allo. Na ce ban iya karatu ba, suka karanta mini."

"To, me ake ciki?"

"Ba a wurinka na saya ba. Na sani. Zama kawai na zo yi."

Malam Ilu ya kwance ragowar irin, wanda ya ware don tasa gonar, ya juye masa. Ya ce, "Tashi ka tafi. Ruwa ba ya jiran mai zama."

Ruwa ya sauka. Shago ya rufe duk daminar, kamar yadda Tasalla ta faɗa. Gidan sun ji jiki, ba zan ɓoye muku ba.

Da kaka ta yi, sai ga Baba Nomau da jaki, ya sauke zaɓaɓɓun zangarkun masara a ƙofar rufaffen shago. Ya ce, "Iri ne. Gwada shi a kaskonka." Bayansa wani ya zo da wake, wani da gyaɗa. Da wannan aka sake buɗe shagon. Daga shekarar, manomi ba ya sayen iri a garin sai ya ce, "Ina kasko?" Har kanti sai da suka ajiye nasu, a ƙarƙashin allon nan.

To, ku ji. Girman kanti ba laifi ba ne, ƙanƙantar shago ba falala ba ce. Amana ita ce maganar. Ciniki ba ya ƙarewa a bakin ƙofa, yana bin mai saye har gida. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Da yawanku gobe za ku buɗe shago. Wasu za ku tsaya bayan kantar wani. Mai shago, in ka gano aibi bayan kaya ya fita, bi shi. Mai kanti, kwance hannun ma'aikacinka, ka bar shi ya yi gaskiya. Allo naku ne, ku kuka rubuta, kuna iya gogewa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.