Ƙasar Kabarin Lai'atu

Ku gyara zama ku ji wannan. Ni ma bara na binne tawa matar, don haka ba zan yi wa labarin ado ba.

Akwai wani manomi, Iliya, da ya zo wani ƙauye ci-rani tare da matarsa Lai'atu, suka zauna shekara ashirin. Ba ɗa, ba dangi, sai 'yan ikilisiya, abokan zuwa coci. Wata damina ciwon daji ya kama Lai'atu a nono, ya fashe, wari ya cika gida. Masu zuwa gaisuwa suka koma tsayawa a bakin zaure su ce “Allah ya sawwaƙe,” su juya. Iliya ya daina roƙon ta warke. Roƙonsa ɗaya, kada ta mutu a wulaƙance kamar wadda ba ta da kowa.

Mutum uku ne ba su juya ba.

Tabita mai ƙosai, 'yar zumuntar matan coci, kullum da safe sai ta wanke gyambon da ruwan gishiri, ta kwashe tsummokaran zuwa rafi. Da labari ya bazu, mutane suka daina sayen ƙosanta. Mijinta ya ce, “Ke ce Yesun garin nan?” Ta ce, “A'a, Maigida, aikena ya yi.” Wata huɗu ba ta yi fashi ba.

Barnaba kuwa ƙafarsa ba ta taɓa shiga ɗakin ba, don da ya ji warin sai amai. Amma ya bar tasa gonar ciyawa ta cinye, ya nome ta Iliya har sau biyu. Ya ce, “Ɗan'uwa, zauna da matarka. Idan na gan ka da fartanya, mun ɓata.” Ba don shi ba, da yunwa ta kori Iliya daga bakin gadonta.

Sai Kaka Dinatu, tsohuwa makauniya, wadda ko ruwa ba ta iya miƙawa. A lokacin Lai'atu ta yi fushi da Allah, ta hana a yi addu'a a kanta, har fasto ta kora. Kaka Dinatu ba ta yi mata wa'azi ba. Takan lallaɓo da sandarta ta zauna, ta riƙe hannunta, ta sha zagi, washegari ta sake dawowa. Wata rana Lai'atu ta ce, “Kaka, ba ki gajiya ne?” Ta ce, “Ina zan je, 'yar nan? Ni ma ba mai nemana.” Lai'atu ta yi dariya, sannan ta yi kuka, ta ce a rera mata waƙar sujada. A tsakiyar waƙar ta cika.

A garin nan, idan miji ya zuba ƙasar farko a kabari, mutum ɗaya ne ke biye masa da sunan dangin mamaciya, kafin samari su sa shebur. Iliya ya zuba tasa. Fasto ya ce, “Iliya, wa zai tsaya a madadin danginta?”

Iliya ya ɗaga kai. Ga Tabita, ga Barnaba, ga Kaka Dinatu riƙe da sanda. Ramin kuma yana jira.

To jama'a, da ku ne Iliya, sunan wa za ku kira?