Ruwan da Keziya Ba Ta Shiga Ba

Akwai wani mutum, manomi, a wani gari da ke gindin dutse. Dattijo ne a ikilisiyar garin, Allah kuwa ya ba shi kan riƙe ayoyi. Ba maganar da za ka kawo masa face ya zaro aya ya ɗora a kai, ko ta dace ko ba ta dace ba. Har mutane suka laƙaba masa suna Mai Aya, baƙi in sun ji sukan zaci ayar ci yake sayarwa. Sunan yana yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake yakan nuna kamar bai damu ba.

Mutumin nan yana da mata, sunanta Damaris, da 'ya ɗaya tilo, Keziya. Shekara guda cur Keziya ta yi tana zuwa ajin baftisma ba fashi, aka sa ranar Lahadin Ista za a yi mata tare da waɗansu mutum shida. Murna ta cika uban, sai dai murnar ta zo da ƙanwarta, wato son a sani. Ya aika wa dangi da abokai na garuruwa uku, ya ce duk wanda ya zo sai ya ci kifi ya ture. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar majami'a. Baki dai shi ke yanka wuya.

Lokacin kuwa bazara ce, kogin garin ya janye ya bar ɗan ruwa nan da can. Kwana uku yana fita da komarsa, abin da ya samu bai isa miyar gidansa ba, balle ta baƙi.

To, akwai wani tafki a bayan dutse, tafiyar sa'a guda daga gari, mai zurfi, ba ya ƙafewa. Nan kifi yake fakewa duk rani, in damina ta sauka daga nan yake bazuwa ya cika kogin. Tsofaffi suna ce masa rumbun iri, don haka ba a su a cikinsa. Ba sarkin da ya kafa dokar, ba dogarin da ke tsaronta. Kowa dai ya san ba a tuƙa tuwo da iri.

Ranar Asabar da hantsi, mutane duk sun tafi kasuwa, Mai Aya ya ɗauki ragowar maganin ƙwarin da ya fesa wa wakensa bara, ya bi ta bayan gari. Ya tsiyaye shi a tafkin, ya zauna a inuwa. Kafin ya gama cin goro ɗaya kifi ya fara tasowa ciki sama. Ya tsince manyan, tarwaɗa da karfasa, har buhu biyu. Ƙananan kuwa, masu kamar yatsa, ba su ƙirguwa. Sai ya karyo reshe ya kora su can wani lungu, bayan wani ƙaton dutse inda ciyawa ta yi duhu, don kada idon mai wucewa ya gani. Zuciyarsa ta sosa shi kaɗan, ya danne ta da aya.

Damaris 'yar masunta ce, ta san kifi. Da ya sauke buhunan ta juya wannan, ta juya wancan, ba ta ga shaidar ƙugiya ba, ba ta ga inda koma ta goge ɓawo ba. Ta tsaga cikin ɗaya, ga shi dam da ƙwai.

Ta ce, "Maigida, wace irin koma ce ta kama wannan?"

Ya ce, "Ke dai ki cire hanjin sosai ki soya. Ba a rubuce yake Allah ya ba mutum mulki a kan kifaye ba? Abin da aka ba ni na ɗauko."

Keziya tana gefe tana gugar farar rigar da za ta sa gobe, ita ma ta ji, ba ta ɗaga kai ba.

Ran Lahadi, bayan sujada, tsohon faston garin ya miƙe ya yi sanarwa. Ya ce mashigin da aka saba yin baftisma ya zama taɓo, ruwansa ko gwiwa bai kai ba. Ya ce jiya dattawa sun zauna a kan maganar, an aika gidan Mai Aya ba a same shi ba, sun dai yanke cewa bana a tafkin bayan dutse za a yi.



Aka kama hanya. Zumuntar mata a gaba suna waƙa suna buga tukwanensu, masu baftisma bakwai a tsakiya cikin fararen kaya, baƙin Mai Aya na garuruwa uku suna ta yi masa barka. Yana amsawa sama-sama. Sa'a gudan nan ta yi masa tsawon shekara. Ya ce wa kansa ruwan ai da yawa, maganin kaɗan ne. Ya ce ai ya kwana, wataƙila ya kwanta a ƙasa. Ya ce tsomawa ɗaya ce, in Keziya ta rufe baki da ido shi ke nan. Har wata aya ta faɗo masa, wadda ta ce masu bi ko sun sha dafi ba zai cuce su ba. Ya riƙe ta taku goma, sai ya tuna mai jarabar nan da ya taɓa jawo wa Ubangijinmu aya a kan ƙololuwar Haikali ya ce masa ya diro. Ya sake ta kamar ya taɓa garwashi. Amma duk da haka bai buɗe baki ba, gama yana tsoron kunya fiye da yadda yake tsoron Allah, abin da ya fi ƙona shi daga baya ke nan.

Da suka isa, ruwan yana kwance luf. Mata suka yi ta yaba kyansa. Damaris kaɗai ta tsaya tana kallo. Ba kwaɗon da ya yi tsalle da jin sawun mutane, ba kifin da ya motsa ruwan, ba tsuntsu ko ɗaya a gaɓa. Ta juyo ta dubi mijinta, shi kuwa ya dubi ƙasa.

Fasto ya shiga har ƙugu, ya ce yau ruwan nan ya yi shiru da yawa. Sa'an nan ya kira ta farko, don girmama uban: Keziya. Ta cire takalmanta, ta tattare bakin rigarta, ta taka jiƙaƙƙen yashi. Saura taku ɗaya.

Mai Aya ya ce, "Keziya, tsaya."

Waƙa ta yanke.

Ya ce, "Fasto, ka fito. Jiya na zuba magani a ruwan nan."

Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da ya maimaita, kowa ya ji. Aka kamo hannun tsohon aka fito da shi, mata suka juye masa ruwan shan da suka ɗauko a jarka. Mai Aya da ƙafarsa ya ja su zuwa lungun bayan ƙaton dutsen. Wari ne ya fara tarye su. 'Ya'yan kifi sun rufe ruwan fari fat kamar an watsa ƙaiƙayi, ga kwaɗi, ga kififiya, ga wani zalɓe a mace da kifi a bakinsa.

Ba wanda ya zage shi, da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Bakin da ya saba kuwa ba ya jin kunya da wuri, har ya fara cewa, "Ai a rubuce yake…" sai maganar ta maƙale.

Keziya tana tsaye ba takalmi. Ta ce a hankali, "Baba, jiya na ji ka ce an ba mu mulki a kansu. Gaskiya ne. Amma a aji an koya mana tun a rana ta biyar ta halitta Allah ya sa musu albarka, ya ce su hayayyafa su cika ruwa. Mu sai a ta shida. Albarkarsu ta girmi tamu da kwana ɗaya."

Ya san shafin. Ayoyi shida kacal ne tsakanin tasa da tata. Ya karanta wurin ya fi a ƙirga, har a gaban jama'a, amma kullum idonsa yakan tsallake abin da aka ba kifi ya sauka a kan abin da aka ba shi. Ya zauna a kan yashi ya rufe fuskarsa da hularsa.

Da aka koma gida, a gaban baƙin garuruwa uku ya ɗauki magirbi ya haƙa rami, ya binne soyayyen kifin nan duka. Baƙi suka ci tuwo da miyar kuka lami, suka yi sallama da wuri. Ya sari ƙaya ya kewaye tafkin don kada wani ya sha. Baftismar mutum bakwai kuwa aka ɗage ta sai ruwa ya sauka. Ya ga Keziya ta ninke farar rigarta ta mayar cikin akwati, wannan ya fi masa ciwo da duk idon jama'a.

Damina ta zo, aka yi baftismar a mashigi, yana tsaye can baya. Amma shekarar nan da ta bayanta kogin bai yi kifi ba, duk matar da ta kaɗa miya ba kifi ta san wanda za ta tuna. Shi da kansa ya roƙi mutane su daina kiransa Mai Aya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Tafkin shi ne duniyar Allah, da ruwanta da itatuwanta da duk abin da ke numfashi a cikinta. Mai Aya kuwa kada ku waiga kuna neman sa a bencin baya. Ni ne, kai ne, ke ce. Bai yi ƙarya ba da ya ce an ba mutum mulki. Laifinsa shi ne ya yanki rabin magana ya sa a aljihu, ya bar rabin da zai hana shi abin da yake so. Aya in an raba ta da 'yan'uwanta takan zama wuƙa a hannun mai son zuciya.

Mulkin da aka ba mu irin na makiyayi ne wanda aka danƙa wa garken wani. Da aka sa Adamu a gona, cewa aka yi ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Mu kuwa mun riƙe noman da hannu biyu, kiyayewar ta zame mana ƙasa ba mu ko sunkuya ba. Dubi irin dokokin da Allah ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa, waɗanda Yahudawa suke karantawa har yau, mu ma suna nan cikin abin da muke riƙowa kowace Lahadi. An ce in ka tarar da tsuntsuwa a kan sheƙarta, ka bar uwar ta tafi. An ce ko ana yaƙi, ka kewaye garin abokan gaba, kada ka sari itacen da ke ba da 'ya'ya. Ku ji fa, a cikin yaƙi! Mu kuwa lafiya lau, ba mai bin mu da takobi, muke kayar da ɗorawa da kaɗanya don buhun gawayi. Tsofaffin garin nan da suka ce ba a su a rumbun iri, da yawansu ba su iya karatu ba, amma sun fi dattijon ikilisiya gane nufin Mai tafkin. Wannan kaɗai ya isa mu sunkuyar da kai.

Kowannenmu yana da bayan dutsensa, inda yake zaton ba mai gani. Wani rafin da yake wanke tankin feshi ne. Wani dajin da yake cinna wa wuta don gafiya ɗaya. Wata kuma kwatar da take tura wa leda da shara, ta ce ruwa zai tafi da su. Zai tafi da su ina? Ni mai rubuta wannan na ƙona daji ina saurayi, na ci naman na yi dariya, ban taɓa kawo shi cikin addu'ar tuba ba sai da furfura ta fito mini, don ban ɗauka zunubi ba ne. Alhali Ubangijinmu ya ce ko ɗan tsuntsun da ba shi da wata daraja a kasuwa ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba. In haka ne, ya san adadin 'ya'yan kifin da aka kora bayan dutse da reshe.

Abu ɗaya ya ceci mutumin nan: ya yi magana saura taku ɗaya. Ya makara, gama kifin bai dawo ba, amma bai makara gaba ɗaya ba. Kunyar da ta sa mutum ya ɓoye ɓarnarsa cikin ciyawa ta kai shi ga hallaka, wadda ta sa ya ja mutane ya nuna musu wurin kuwa ita ce ƙofar tuba, Allah kuma ba ya rufe ta.

Don haka makon nan kowa ya je bayan dutsensa ya duba abin da ya zuba. Kada ka ce da nisa, ba mai zuwa. Mashigi yakan ƙafe, hanya takan juya. Wata rana za a ɗauko waƙa a nufi can, wadda take gaba cikin farar riga kuwa 'yarka ce.