Koren Takalmin Harouna

Akwai wani ɗan Maraɗi mai suna Harouna da ya zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 1990. Garkar da ya gada wajen mahaifinsa ya sayar ya haɗa jari. Idan tafiyar nan ta ɓaci, ba shi da wata garkar da zai sayar.

Takalman mata ya zo saro, kuma ya san sana'arsa. Ya daɗe yana durƙusawa a kasuwa yana gwada wa matan Maraɗi takalmi. Ya san ƙafarsu faɗi gare ta, ya san rairayi suke takawa. Amma yawon shagunan kasuwar takalma ta Zhanxi Lu ya cinye shi. Duk inda ya nemi mai faɗi sai a ce masa "mei yo", wato babu. Ga zafi, ga kewar gida. Mutum in ya gaji, har tunani nauyi yake yi masa.

A wani gidan abinci a unguwar Dengfeng ya ji labarin wani mutum mai suna Kallamu. Bayan sallar Juma'a, Kallamu kan shiga ɗakin baya, ya kunna turare, ya lulluɓe kansa da farin tawul, ya riƙe alƙalami marar tawada. Wai ruhohin marubutan da suka mutu ne ke sauka a kansa, Larabawa da mutanen Sin, kuma abin mamaki duk Hausa suke ji. Saƙonsu ɗaya ne: kada ka bi ayari, ka yi tunani da kanka. Ɗai-ɗai ake shiga, kuma ba a faɗa wa kowa abin da aka ji.

Iddrisu, ɗan zangon Kumasi da ke yi wa 'yan kasuwa lodin kaya, ya ce masa, "Ɗan'uwa, wanda ya mutu ya mutu. In da kanka za ka yi tunanin, me ya kai ka bin layi?"

Harouna ya ce, "Na gaji ne, Iddrisu. So nake wani ya faɗa mini."

Da ya shiga, murya ta fito daga ƙarƙashin tawul, a shaƙe. "Ni marubuci ne, an ƙona littattafaina don na ƙi bin jama'a. Kai ma ba tunkiya ba ne. Kowa silifas yake saye. Je ka Zhanxi Lu, bene na uku, shagon ƙarshe, akwai koren takalmi mai tsini da dogon dunduniya. Mai kaifin hankali kaɗai zai gane darajarsa."

Harouna ya je, ya ɗauki takalmin, ya zura yatsunsa ciki. Hannunsa ya gaya masa gaskiya, ya yi matsi. Amma maganar kaifin hankali ta yi masa daɗi. Ya zuba jarinsa kaf.

Ranar lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, 'yan Maraɗi da 'yan Yamai suka taru, domin kwantena ɗaya suka yi tarayya. Kowa na tsaye jikin kayansa yana murmushin wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Iddrisu ya fara buɗe kwalaye yana dubawa. Na farko kore. Na biyu kore. Har na ƙarshe, koren takalmi mai tsini. Ba wanda ya yi dariya.

Harouna ya nemi Kallamu, ya same shi a shagon nan na bene na uku, ba tawul, yana shan shayi da mai shagon.

"Malam Kallamu, ka cuce ni."

Kallamu bai ko ajiye kofin ba. "Me marubutan suka fara ce maka?"

"In yi tunani da kaina."

"To, ka yi?"

Harouna ya sauko daga benen a hankali, kamar mai jinya.

Bayan watanni kayan suka iso Maraɗi, suka tarar da kasuwa ta cika da irinsu, babu mai tayawa. Matarsa Sauda ta ɗauki ƙafa ɗaya ta gwada. Yatsunta ne kawai suka shiga. Ba ta yi maganar garka ba. Ta ajiye takalmin, ta dube shi.

"Haba Malam," ta ce, "kai da ka san ƙafata?"

Darasi: Wanda ya biya a yi masa tunani, ko da sunan 'yancin tunani aka sayar masa, ayari ya bi. Matattu ba sa dawowa da shawara, hankalin da Allah ya ba ka shi ne jarinka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka ga gajiya ta fara sa shi neman mai faɗa masa abin yi.