Ranar Da Peculiar Ta Shanya Kanta Cikin Citta

Akwai wata mata a Kafanchan mai suna Emilia, 'yar kasuwar citta. Tana saro ɗanya daga ƙauyukan Kachia, a tsaga, a shanya a filin bayan gidanta, in ta bushe ta sayar. Mace ce da Allah ya ba jiki. 'Yarta ɗaya, Peculiar, mai shekara tara, ta kwaso ta kaf, har kumatun.

Wata rana a asibiti aka gaya wa Emilia jininta ya hau, suga ma ya fara leƙowa, dole ta rage nauyi. Ita kuwa in ta sa abu a gaba ba ta waiwaye. Ta koma cin acca da ganye, ta fara tattaki kowace safiya. Har nan dai lafiya lau.

Bakinta ne ya kwafsa mata. Kullum sai ta hau sikelin da take auna buhunan citta, ta leƙa, ta daki cikinta ta ce, "Dubi wannan ƙaton tumbi. Abin kunya kawai." Ta manta akwai mai irin tumbin tsaye a bayanta.

Peculiar kuwa yarinya ce mai lura. Ta sha ganin buhun ɗanyar citta da sai maza biyu sun kama. In cittar ta sha rana, uwarta ita kaɗai ke ɗagawa.

Wata Asabar Emilia ta dawo daga taron zumuntar mata na cocinsu da tsakar rana, ta tarar da abincin Peculiar a rufe ba a taɓa ba. Ta yi kira, shiru. Da ta zaga baya, sai ga yarinyar kwance kan tamfol a tsakiyar citta, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Tun safe take nan, ko ruwa ba ta kurɓa ba.

Emilia ta sungume ta zuwa inuwa, tana ba ta ruwa.

"Me ya kai ki kwanciya a rana?"

"Ina so in bushe ne, Mama, in yi sauƙin nauyi kamar citta."

"Wa ya ce ki rage nauyi?"

"Ba kowa. Amma kowa na cewa jikinki na ɗauko. Ke kuma kin ce jikinki abin kunya ne. Ba na so ki ji kunyata a coci."

Jama'a, Emilia ta yi kuka ranar. Tsoro ya kama ta, amma kunyar kanta ta fi tsoron yawa.

Da mijinta Bartholomew ya ji, ya ce, "To ki bar wannan rage ƙibar gaba ɗaya mana."

Ta ce, "Ba zan bari ba, Baban Peculiar. Ina so in rayu in ga girman yarinyar nan. Lafiyata zan ci gaba da nema, bakina ne zan gyara."

Ta zaunar da Peculiar ta ce, "Jikin nan shi ya ɗauke ki wata tara, shi ya goya ki. Na zage shi, na yi kuskure. Accan da nake ci don jinina ne, ba don na tsani kaina ba."

Kada ku ɗauka magana ɗaya ta gyara komai. Makonni Peculiar tana tsakurar abinci tana kallon fuskar uwarta. Emilia ta koma ci kwano ɗaya da ita. Wani lokaci zagin yakan zo har bakinta, sai ta haɗiye.

Bayan wata uku, an tashi daga sujada a coci ran Lahadi, sai Mama Hellen, wata babba a zumuntar mata, ta tare su a bakin ƙofa. Kun dai san irin su, bakinsu ba birki.

"Maman Peculiar, yanzu ne kika yi kyau. Saura wannan 'yar lukutar taki."

Emilia ta ji hannun yarinyar ya sandare a cikin nata. Ba ta taɓa mayar wa Mama Hellen magana ba, amma ranar ta tsaya cak.

"Mama, da ma can ina da kyau, jinina ne kawai ya sauka. 'Yata kuma Ubangiji bai yi kuskure wajen gina ta ba. Don Allah kada a ƙara."

Emilia ta ja 'yarta suka wuce.

Sun kusa gida, suka zo wurin mai gasa masara. Peculiar ta ja zanin uwarta a hankali.

"Mama, ina jin yunwa."

Wata uku ke nan Emilia ba ta ji wannan maganar daga bakin 'yarta ba.

Darasi: Nemi lafiyarki da dukkan ƙarfinki, amma kada ki zagi jikinki a gaban ɗan da ya gaji jikin, domin a kansa zagin ke sauka. Ku tura wa iyayen da ke fama da rage ƙiba, wataƙila akwai mai sauraronsu a bayansu.