Wa Ya Sace Furen Tasalla?

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa ku bar tsunkulin juna.

Ta zo mu ji ta, Kawu Nomau.

To, ku ji. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce ni ba. Wanda gobara ta cinye wa rumbu, in ya ji nawa, shi zai zo ya yi mini jaje. Ni Nomau, da in na riƙe garma har masu wucewa ke tsayawa kallo, ni aka mayar abin dariya a kan fure. Fure fa, abin da ko miya ba a yi da shi.

Innarku Tasalla, matata, tana da albasar kwaɗi a gindin rijiya. Daga gidan mahaifiyarta ta zo da ita, ƙulle a bakin zane. Tsohuwar ta rasu, shukar ba ta rasu ba. Da rani ganyen ya bushe ƙurmus, kan yana ƙasa yana barci. Ruwan farko na sauka sai ya farka, ya fid da fure fari tas. Sai Tasalla ta ɗauko kujera ta zauna a gabansa, kamar mai hira da uwarta.

Sai 'yarmu ta haihu a wani gari, Tasalla za ta je ta kula da wankan jego. Ta ce, "Malam, ga wurin nan. Kada ka ba shi ruwa, kada ka ba shi taki, kada ka ba shi shawara. Ka bar shi kawai."

Na ce, "Ni za a koya wa ƙasa?"

Ta tafi. Bazara ta yi zafinta, sai aka yi ruwan farko. Sai aka yi na biyu. Gindin rijiya ko tsinke bai fito ba, ga shi saura kwana uku ta dawo. Sai na san an yi mini sata.

Sai na tafi wurin Akuya. Na ce, "Ke mai ci ba bisimilla, ina furen Tasalla?"

Ta ce, "Maigida, ni ɗanye nake ci. Busasshen ma ban samu ba, ai kai ka yi sharar gona a tsakar gida, ka tara ganyen ka cinna wuta."

Na ce, "Kowane manomin kirki yana shara kafin ruwa. Matsa ki ba ni wuri."

Sai na tafi wurin Zabuwa. Na ce, "Ke sarauniyar tone-tone, ina furen Tasalla?"

Ta ce, "Maigida, dubi ƙafata, guda nawa take? Tonon da ke wurin na garma ne. Kai ka kafce shi har gwiwa, kana cewa uwargida za ta dawo ta ga aikin gwani."

Na ce, "Kaftu gyara ne. Ke ma matsa."

Sai na tafi wurin Kwaɗo, wanda ke zaune a bakin rijiya. Na ce, "Kai mai ido waje, sunanka ne a kan albasar nan. Ina ka kai ta?"

Ya ce, "Suna kawai aka ba ni, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Leƙa bayan katangar Malam Cindo."

Sai na leƙa gidan maƙwabcina. Yara, jujin Cindo fari tas, kamar an shanya wankin Sallah. Mutumin da ko barkono bai iya rayawa ba.

Sai na sa babbar riga, na ja shi gaban Mai Unguwa. Ranar kuwa Tasalla ta sauka daga mota, ta tarar da mu a can, ta tsaya da ƙunshinta a ka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarawon fure."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban shuka ba. Tashi na yi na gani, har na ɗauka aljanu ne suka yi mini kara."

Mai Unguwa ya ce, "Akwai shaida?"

Sai ga zakaran Cindo yana ɗingishi, wuya a karkace. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wata rana da hantsi ina kan katanga ina cara. Nomau yana kaftu a gindin rijiya. Sai ya tono waɗansu dunƙule-dunƙule, ya sunsuna, ya ce, 'Albasa ba ƙamshi, ɓata wuri.' Sai ya ce na cika masa kunne. Sai ya yi ta jifa na da su, har goma sha ɗaya, duk suka faɗa jujinmu. Uku suka same ni."

Na ce, "Ƙarya kake yi. Biyar suka same ka."

Mai Unguwa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Tasalla ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sauke ƙunshinta, ta dube ni, ta ce, "Malam, na uwata ne fa."

Cindo ya ce, "Kayanki ne, Tasalla, ki zo ki tone."

Ta ce, "Ba a tashin ta tana fure, Malam Cindo. Sai rani, in ta sake yin barci. Kuma da hannuna."

Haka na yi damina guda ina cin tuwo da sanyi, don kullum la'asar tana can gefen jujin Cindo da kujerarta. Kwaɗo kuwa in ya gan ni da garma sai ya faɗa rijiya.

To, na ji, ku daina kallona haka. Ni na share, ni na kafce, ni na jefa. Ba akuya, ba zabuwa, ba Cindo. Amma ku ma ku yi adalci: daga rijiya zuwa katangar nan taku ashirin ne, zakaran kuma yana ta tsalle. Waye cikin iyayenku zai samu biyar?

Ƙurunƙus kan kusu, ba kan Kawunku ba, nawa ya sha abin da ya ishe shi. In kun ga shuka ta bushe a gidan mutane, ku tambayi mai ita kafin ku ɗauko garma.